Ƙyauren Baba Gado Masassaƙin Jirgi

Duk wanda ya ce muku sa wa ƙofa makulli aikin sukuru huɗu ne, ku tambaye shi ƙofa nawa ya taɓa komawa ya duba bayan damina ta wuce. Ku samarin yanzu kuna da injin huda katako mai aiki da wuta, kuba kuwa ga ta nan jibge a kasuwa, kafin shayi ya huce kun huda, kun ɗaure, kun hau babur kun yi gaba. Ba ƙyashi nake muku ba. Da ina da irin injin nan a zamanina, da kafaɗata ba ta hana ni ɗaga hannu a yau ba. Amma hudar ba ita ce aikin ba. Aikin yana wurin zaɓe, wato sanin wane makulli ne zai zauna lafiya da wace ƙofa, kuma ni sai da na kusa kashe wa wani dattijo ƙyaurensa kafin karatun nan ya zauna mini.

Sunana Mamman, kafinta ne ni a Birnin Kebbi, kuma a cikin kafintanci sa makulli ne abin da aka fi sanina da shi. A hannun Malam Jibo na koya, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne gajere mai ƙarancin magana, wanda in aka kira shi aiki ba ya buɗe jakar kayansa sai ya gama abin da mu muke kira ɓata lokaci. Zai buɗe ƙofar ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe. Zai sa kafaɗa ya ɗan ɗaga ta ya ji nauyinta. Zai fita waje ya dubi ta inda ruwan sama yake bugowa, ya dawo ya tambayi maigida wa zai riƙa riƙe makullin, tsoho ne ko mai ƙarfi, mace ce ko namiji. Mu yaransa muna tsaye da jaka muna hamma. Sai ya gama duk wannan zai ce a tafi kasuwa a sayo kaza, kuma sau da yawa abin da zai ce a sayo ya fi wanda maigidan ya yi niyya araha, har wasu su ga kamar ya raina musu arziki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Barima ta huda rami, kurfi uku manya da ƙanana na rarake katako, zarto, magagari, guduma, da guntun alli. Allin nan kada ku raina shi. Malam Jibo yakan shafa shi a kan harshen kuba, ya rufe ƙofa, ya murɗa makulli a hankali, inda allin ya yi tambari a jikin firem nan ne gidan harshen, ba inda idonka ya gaya maka ba. Wata shida na yi ina wasa kurfi a dutse kafin ya bar ni na sa shi a jikin ƙofar mutane. Ranar da ya bar ni ɗin ma na tsaga gefen wata ƙofa, sai kawai ya sa na ɗauke ta a ka daga gidan mai ita har shago, ta tsakiyar kasuwa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi kasuwarmu ta buɗe yadda ba mu taɓa gani ba. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu da katifunsu, gari kuwa bai shirya musu ba. Duk mai zaure ya raba shi biyu ya sa haya, duk mai shago ya mai da shi ofis. Kowane ɗaki yana son ƙofa, kowace ƙofa tana son kuba, wato makullin nan na Turawa da ake rarake gefen ƙyaure a binne shi ciki, ba a ganin komai sai mariƙi da ramin makulli. Ƙofofin na falanki ne marasa nauyi, da hannu ɗaya kake ɗaga su. Nakan sa shida a yini. A lokacin Malam Jibo ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma na fara ganin kamar duk dube-duben nan nasa tsufa ne kawai. Na daina ɗaga ƙofa, na daina tambaya, abin da aka miƙo mini shi nake sawa.

Ba a daɗe ba abin ya juya. Aka yi 'yan sace-sace a unguwannin ma'aikata, ɓarawo ya sa ƙafa ya ture ƙofar falanki da kubarta da komai, sai kowa ya koma wurin masu walda. Ƙofar ƙarfe kuwa da makullinta take zuwa, ba ta neman kafinta. Shekarar nan ita ce mafi muni a aikina. Nakan buɗe shago da safe in share, in wasa kurfin da bai dakushe ba, in rufe da la'asar ban taɓa katako ba. Har gyaran kujerun makarantar allo da akurkin kaji na yi, ni da nake ganin na wuce nan.

A cikin wannan hali ne wani ma'aikaci mai suna Usmanu ya zo shagona da bazara, riƙe da kwali. Ɗan Argungu ne, yana aiki a ɗaya daga ma'aikatun sabuwar jiha, mutum mai fara'a da ladabi. Ya buɗe kwalin ya nuna mini kuba mai nauyi, mai mariƙi ruwan zinariya da makulli biyu, irin wadda ban fi ganin biyu ko uku kamarta ba. Ya ce ya sayi injin ban-ruwa don gonarsu ta fadama, za a ajiye shi a ɗakin ajiyar mahaifinsa tare da irin shinkafa da kayan kamun kifi, ɗakin kuwa har yanzu da igiya ake ɗaure shi. Ya ce mahaifin ne ya yi ƙyauren da hannunsa. Na ce ba komai, ƙofa ai ƙofa ce. Muka shiga mota washegari.

Da na ga ƙyauren na san na yi saurin magana. Tsayinsa ya fi ni, kaurinsa ya kai yatsu uku, katako biyar ne na maɗaci a tsaye, an haɗa su gefe da gefe. Babu ƙusar kanti ko ɗaya a jikinsa. Wasu ƙarafa ne lanƙwasassu na maƙera aka kafa suna ɗinke kowane katako da ɗan'uwansa, a jere ras, an cusa auduga a tsakani an bi da kwalta. Ta baya akwai sanduna biyu a gicciye da aka riƙe da zobban ƙarfe. Ba shi da hinji, a kan ƙafa yake juyawa, ɗaya a cikin ramin dutse a ƙasa ɗaya a cikin azara a sama. Na sa kafaɗa don in ɗaga shi, ko motsi bai yi ba. Amma da ɗan yatsa na tura shi ya tafi sumul ba ƙara. Na shiga ciki na rufe, duhu ya rufe ni ɗif da rana tsaka, babu ko zaren haske ta gefe, ta sama ko ta ƙasa. Na yi shekaru ina aikin katako, ban taɓa ganin haɗi irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba.

Mai aikin yana zaune a kan turmi a gefe yana kallona. Baba Gado ke nan, masassaƙin jirgi, wanda masunta da manoman fadama na wannan yanki suka daɗe suna shiga jiragensa. Tsufa ya sauke shi daga aikin, idonsa ya rage, yatsunsa sun kumbura a gaɓoɓi. Usmanu ya gaya mini a mota cewa da sauran katakon jirginsa na ƙarshe ya yi ƙyauren, wata huɗu yana yinsa shi kaɗai, kuma tun daga nan bai sake ɗaukar wani aiki ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa aikin nan ya fi ƙarfin yabona. Ya yi murmushi ya ce ai ba wani abu ba ne, gambu ne kawai, kamar yadda muke kiran ƙyaure a wajenmu.

To ga inda gizo yake saƙa. Mai yin jirgi duk rayuwarsa abu ɗaya yake yaƙi da shi, tsaga. In ya bar wurin da allura za ta shiga, ruwa zai shiga, in ruwa ya shiga mutane ne za su nutse da buhunansu. Shi kumburin katako abokinsa ne, don in jirgi ya sha ruwa ya kumbura sai haɗin ya ƙara matsewa. Mu kuwa masu ƙofa dole mu bar wa katako wurin numfashi, don mun san zai buɗe da damina ya tsuke da rani. Baba Gado ya yi ƙyaurensa yadda ya saba yin jirgi, ya cika firem ɗin taf. Ƙari a kan haka ƙofar gabas take kallo, inda hadari yake tasowa, abin da kowane magini yake gudu. Shi bai ga aibin ruwa ya taɓa katako ba. An gama ƙyauren bayan kaka, don haka bai taɓa ganin damina ba.

Duk wannan na gan shi a tsayuwar farko. Na san kuba ba ta dace da ƙofar nan ba, don kuba tana son harshenta ya faɗa gidansa daidai, in ƙofa ta gusa ko da kaurin ƙwayar shinkafa ne sai ta ƙi. Amma na dubi Usmanu yana shafa mariƙin nan mai ƙyalli, na tuna yana da abokan aiki masu gina gidaje, na tuna shagona da babu kowa. Na ce a raina in na ce masa ya mai da wannan ya sayi sakata da kwaɗo, zai ɗauka ban iya ba ne. Sai na yi gum na buɗe jaka.

Yini biyu na yi ina rarake gefen katakon nan. Maɗacin ya bushe ya yi tauri, barima tana shiga tana hayaƙi, kurfi biyu suka dakushe. Baba Gado bai tashi daga kan turminsa ba. Da ramin ya yi zurfi har hannuna yana shiga, ya taso ya zura yatsunsa ciki, ya shafa bangon ramin da ya rage siriri ta kowane gefe.

"Ɗana," ya ce, "ni dai tun da nike, ban taɓa cire ma katako nama in ce na ƙara mai ƙarhi ba. Amma kowa da aikinai."

Na ce masa haka ake yi a Birni. Na sa kuba, na shafa alli, na fasa gidan harshe a jikin firem, na murɗa makulli ya ce ƙyas. Usmanu ya yi ta murna, ya kira maƙwabta suna gwadawa. Aka ba ni tuwon shinkafa da kifi na ci na koma gida, ina gaya wa kaina wataƙila ba abin da zai faru.

Ruwa ya sauka, aka yi kamar huɗu ko biyar masu ƙarfi a jere. Wata safiya sai ga Usmanu a ƙofar shagona da kayan ofis a jikinsa, bai ko zauna ba. Ya ce kwana uku ke nan ɗaki ya ƙi buɗuwa, makulli ɗaya ya lanƙwashe a hannunsa, kuma irin shinkafar gidan gaba ɗaya yana ciki. Wanda bai san fadamar Argungu ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Ana zuba iri ne da farkon ruwa, don shinkafa ta tashi ta yi tsayi kafin gulbi ya cika ya malalo. In ka makara, ruwa ya tarar da ita ƙarama ya shanye, shekarar ta wuce ka. Maƙwabtansu duk sun zuba nasu. Na sha jinin jikina, na ɗauki jaka muka tafi.

Mun tarar da mutane a tsakar gida, ƙanen Usmanu biyu da maƙwabta, ɗaya yana riƙe da gatari. Ƙyauren ya sha ruwa ya yi baƙi, ya kumbura ya cije firem ta kowane gefe, ko bakin wuƙa ba ya shiga. Na sa makulli na biyu na taɓa a hankali, na ji harshen a danne kamar an ɗora masa dutse. Na gwada ɗaga ƙofar da ƙarfe ta ƙasa, babu wurin sa ƙarfen. Na zuba mai, na bubbuga, na yi duk 'yan dabarun da nake yi wa ƙofofin falanki, gumi yana zuba, mutane suna kallona. Wajen azahar Usmanu ya matso kusa da ni.

"Malam Mamman, ruwa ba su jiranmu," ya ce. "In babu dabara ka hwaɗa min gaskiya, a sa gatari."

Ba ni da dabara, kuma na faɗa masa. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, don na san ba ƙyauren ne ya yi laifin da za a sare shi ba, ni ne na ga abin da zai faru na yi shiru. Mai gatari ya gyara tsayuwa. Sai muka ji muryar Baba Gado daga kan turminsa, ba da ƙarfi ba.

"Ku aje gatarin ga. Na tsakiya shi nis sa daga baya, shi ka hita da hwarko."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa ya fito da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da guntuwar tabarya. Ya bayyana mana cewa katakon tsakiya bai kama shi da sandunan baya ba. Ya fere gefensa ne a karkace, faɗinsa ta waje ya fi ta ciki, ya buga shi a ƙarshe don ya matse sauran huɗun, yadda yake rufe cikin jirgi, kuma yadda yake buɗe shi in za a yi gyara. Ya fara zare ƙarafan ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ba da ido ba, da yatsa yake lalubo su. Kowanne ya zare sai ya miƙa mini ya ce in jera su yadda suka fito, don kowane da raminsa. Ko ɗaya bai karye ba. Da ya gama ya kara kunne a jikin katakon, ya bubbuga sama, ya bubbuga ƙasa, ya sa bakin ƙarfen a wani wuri da shi kaɗai ya sani ya ce mu ja. Katakon ya yi ƙara ya taho waje gaba ɗayansa, lafiya lau, warin kwalta da na shinkafa ya bugo mu.

Daga nan sai ya sa samarin biyu suka kama katakan da ke ɓangaren kuba suka jawo su zuwa tsakiya. Suka gusa kaɗan a kan sandunansu. Na murɗa makulli ya buɗe kamar ba shi ba. Kafin la'asar an ɗora buhunan iri a kan jakuna an nufi fadama, ba wanda ya tsaya yi mini magana, wanda hakan ya fi mini zagi ciwo.

Da gida ya yi shiru Usmanu ya kira ni gefe, amma gefen da uban zai ji. Ɗa mai kunya ba ya kallon mahaifinsa ya ce aikinka bai yi ba, sai ya faɗa wa baƙo. Ya ce shi ba ya son ɓata wa Baba rai, amma ba zai sake yarda abincin gida ya kwana uku a kulle ba, kuma ya riga ya yi magana da wani mai walda a Birnin Kebbi. In ƙofar nan ba za ta buɗu da hannu ɗaya a tsakiyar damina ba, za a cire ta a sa ta ƙarfe. Ban ga laifinsa ba. Na dubi Baba Gado, yana zaune yana goge ƙarafan ɗinkinsa da tsumma kamar bai ji ba. Na roƙi Usmanu ya ba ni kwana uku. Na kuma gaya masa a gaban uban cewa tun ranar farko na san kubar ba ta dace ba, na ƙi faɗa.

A kwana ukun nan na yi abin da ya kamata in yi tun da bazara. Na zauna na kalli ƙofar. Na tambayi wa yake buɗe ta kullum, aka ce Baba ne da matarsa Inna, Usmanu sai ƙarshen mako yake zuwa, ƙaramin makullin kubar ma da ƙyar tsofaffin suke riƙe shi. Na auna na ga ban da kumburi, nauyi ya sa bakin ƙyauren ya ɗan sauka. Ƙofa ce mai motsi, za ta hau ta sauka duk shekara, don haka makullinta dole ya zama mai haƙuri, wanda yake zaune a waje inda ido yake ganinsa, hannu yake kai masa.

Na tafi maƙera a cikin garin Argungu na zauna da maƙerin da yake yi wa Baba Gado ƙarafan jirgi. Muka ƙera sakata mai kaurin babban yatsa, tsayinta ya kai kamu ɗaya, da zobba uku masu faɗi da za ta riƙa gudu a ciki ba takura. Gidan da za ta shiga a jikin firem na yi shi dogo daga sama zuwa ƙasa, yatsu uku, ko ƙofa ta hau ko ta sauka sakata za ta same shi. Ban yarda da sukuru ba, don sukuru a waje kowa yana iya kwance shi. Noti muka sa masu mulmulallen kai, suka ratsa katakon suka fito ta ciki aka ɗaure su can. Kwaɗo kuwa na zaga kasuwa na ƙi manyan nan baƙaƙe da suke burge ido, don a bakin gulbi damina ɗaya tsatsa take cinye su. Na ɗauki matsakaici na farin ƙarfe mai cikin jan ƙarfe, wanda makullinsa yake da faɗin kai, na kawo wa Inna ta gwada da hannunta sau uku kafin na yarda. Na yanko guntuwar robar taya na kafa a samansa don ta kare shi daga ruwa. Ramin da na rarake kuwa Baba Gado ne ya toshe shi. Ya sassaƙa guntun maɗaci daidai bakinsa, ya buga, ya bi da auduga da kwalta, in ba an nuna maka ba ba za ka gane wurin ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne na bari har rana ta uku don ban san yadda zan faɗa ba. Da muka mai da katakon tsakiya aka ɗinke, ƙyauren ya koma faɗinsa, ya sake cije firem. Sakata ba ta hana katako kumbura. Firem ɗin azara ne da yake ɗauke da ginin, ba a rage shi. Dole a rage ƙyauren kansa, faɗin ɗan yatsa daga sama har ƙasa, a bar tsaga wadda za a riƙa gani da ido. Usmanu ya dawo daga Birni yana tsaye. Na durƙusa gaban Baba Gado na ce, "Baba, gambun ga sai an ba shi wuri. In ba a rage shi ba, ba ya zama."

Mutumin da ya yi rayuwarsa ba a taɓa cewa jirginsa ya sha ruwa ba, yau ana ce masa ya bar rami a aikinsa na ƙarshe da gangan. Na ɗauka ya ƙi ke nan. Na ce bari in ɗauke masa nauyin, na jawo zarto. Sai ya ɗaga hannu.

"Zarto ba ya hawan aikina. Usmanu, ɗauko min gizagona."

Aka sauke ƙyauren, mutum huɗu suka kwantar da shi a kan gefensa. Na ja masa layi da alli, ya shafa ya ce ba ya ganinsa, in dai gaya masa yatsa nawa. Na ce ɗaya. Ya ɗora ɗan yatsansa a gefen katakon ya ji, sannan ya fara. Ku da kuke ganin gizago kayan sassaƙa turmi ne, da kun ga abin da na gani. Hannun nan mai rawa in ya ɗauki kofin shayi, da ya riƙe ƙotar sai ya tsaya cak. Yana sara yana shafawa, ɓawon katako yana fita siriri yana nannaɗewa, tun daga sama har ƙasa bai koma baya ya gyara ko sau ɗaya ba. Da ya gama na ɗora igiyar awo a kai, miƙe yake sak. Ban taɓa girmama ma'aikaci kamar yadda na girmama tsohon nan a wannan rana ba.

Aka ɗaga ƙyauren aka mai da shi kan ƙafarsa. Usmanu ya tura shi da hannu ɗaya ya rufe, ya ja ya buɗe, ya sake rufewa, ya zura sakata ta shige gidanta, ya danna kwaɗo. Ya juyo ya ce mini in na koma Birni in biya wurin mai walda in ce masa an fasa.

Baba Gado ya taso. Ya matsa jikin ƙofar ya lalubo tsagar, ya sa ɗan yatsansa a ciki, ya bi ta da shi a hankali daga sama har inda bayansa ya bar shi ya sunkuya.

"Da jirgi na wanga," ya ce, "da ba mu kai tsakar gulbi ba."

Sannan ya miƙo tafin hannunsa, na sa masa makullin.